Yaro lafiyarsa ƙalau, amma an ce akwai dalma a jininsa

Maman Biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah wanda ya san wannan harka ya taimaka mini da bayani, tun jiya ban runtsa ba. Mun kai autana awon shekara biyu, aka ɗebi jini a yatsa, bayan kwana huɗu aka kira mu aka sake ɗiba a jijiya. Likita ta ce akwai dalma a jininsa, ta rubuta 9. Yaron nan yana cin abincinsa, yana guje-gujensa, ko zazzaɓi bai yi ba. Ba ma kusa da wurin haƙar ma'adinai, ba masana'anta a unguwarmu, tsakiyar birni muke a bene hawa na uku. To daga ina? Kuma 9 ɗin nan da yawa ne ko kaɗan?

Malamar Jinya: Wa alaikumussalam. Ki kwantar da hankalinki tukuna, Maman Biyu, 9 ba lambar da ake kwantar da yaro a asibiti ba ce. Amma ba zan yi miki ƙarya in ce ba komai ba. Ma'anarta maikrogiram 9 na dalma a kowace desilita ta jini, wato kashi ɗaya cikin goma na lita. A Amurka da can sai ya kai 10 ake damuwa, a 2012 aka sauko da shi zuwa 5, a 2021 aka sake saukowa zuwa 3.5. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce babu wani adadi na dalma da za a ce ba ya cutarwa. Tambaya ɗaya: gidan da kuke ciki tsohon gini ne? Je ki duba tagogi, musamman inda murfin taga ke gogar katako in an buɗe.

Maman Biyu: Innalillahi. Tsohon gini ne sosai. Yanzu na je na duba. Dakalin tagar ɗakinsu fentin duk ya tattashi kamar ɓawon gyaɗa, kuma wallahi ga shatin haƙoransa a gefe, nan yake tsayawa yana leƙen motoci yana gwaguyar katakon. Na shafa yatsa a kwarmin tagar, sai ga wani farin gari kamar alli.

Malamar Jinya: To kin ga wanda za a fara tuhuma. Tsohon fenti mai dalma zaƙi-zaƙi gare shi a baki, shi ya sa yara ke komawa gare shi. Garin nan ma ya fi ɓawon haɗari, don shi ke sauka ƙasa, yaro ya yi rarrafe a kai, ya sa hannu a baki. Kada ki kankare, kada ki share da tsintsiya. Tsumma mai laima za ki sa ki goge, ki jefar da shi, ki tare wurin da wani abu kafin a zo a auna fentin.

Kawu Dattijo: Ni fa wani lokacin ina ganin ana tsorata mata ne kawai. Mu nan mun tashi cikin hayaƙin motoci lokacin da fetur duk da dalma a cikinsa, mun yi wasa a ƙasa, mun sha ruwan famfo, ga mu nan da jikoki. Yau a ce dalma, gobe a ce roba, jibi a ce iskar da muke shaƙa. Mutum ya ci me ke nan?

Ɗalibin Kimiyya: Kawu, da girmanka, ba zan musa maka cewa kun rayu ba. Amma abin da ya sa gubar nan ta daɗe tana ɓarna ke nan: ba ta kashe yawancin waɗanda ta shiga, rage su take yi. Yaron da ya kamata ya kama karatu da wuri sai ya kama a makare, wanda ya kamata ya natsu a aji sai ya kasa zama. Wa zai ce dalma ce? Sai a ce halinsa ne, ko ba ya ji. Ba ka da yadda za ka ga mutumin da da ka zama in da ba ta shige ka ba.

Akwai wani likitan yara Ba'amurke, Herbert Needleman, da ya yi dabara a 1979. Ya tattara haƙoran da yaran firamare suka famɓare a wasu garuruwa biyu kusa da Boston, ya auna dalmar da ke ciki, ya kwatanta da sakamakon gwajin basira da abin da malamansu suka faɗa a kansu. Yaran da haƙoransu suka fi dalma su suka fi baya, alhali babu ko ɗaya da aka taɓa cewa yana da ciwo. Masu masana'antu sun yi ta ƙoƙarin ɓata masa suna shekara da shekaru, ƙarshe bincike bayan bincike ya tabbatar da shi.

Fetur ɗin kuma, tun 1923 aka fara sayar da mai dalma. A ƙarshen shekarun 1970 matsakaicin yaron Amurka yana da kusan 15 a jininsa, wato ya fi na ɗan Maman Biyu. Da aka cire ta daga mai da fenti, yanzu bai kai 1 ba. Ƙasar ƙarshe da ta daina sayar da shi ita ce Aljeriya, a 2021.

Kawu Dattijo: To ai ka ba ni gaskiya da bakinka. An daina. Me ya rage?

Ɗalibin Kimiyya: An daina zubawa, ba a kwashe wadda aka zuba ba. Dalma ba ta ruɓewa, Kawu. Wadda ta fito daga salansar mota shekara 50 da suka wuce tana nan a ƙasar bakin titi, iska ta tashe ta, ta shiga ɗaki. A Landan an yi bincike a 2021, sama da shekara 20 bayan hana man, aka tarar kaso mai yawa na dalmar da ke iskar birnin ta tsohon fetur ce ke ta zagayawa.

Hajiya Malama: Ni malamar makaranta ce, shekarata 19 a aji, kuma maganar nan ta taɓa ni. Akwai yaran da za ka koya musu abu yau, gobe kamar ba a yi ba, ba sa iya zama minti biyar, ga saurin fushi. Mun sha kiransu dakikai, Allah ya yafe mana. Ban ce duk dalma ce ba, yunwa ma na yi, rashin barci na yi. Amma ban taɓa tunanin ƙurar gidansu ba ko sau ɗaya.

Mai Sharhi: Duk wannan matsalar Turawa ce da tsofaffin gidajensu. Ku bar mu da zazzaɓin cizon sauro.

Malamar Jinya: @Mai Sharhi, akasin haka ne. A 2020 UNICEF da ƙungiyar Pure Earth sun fitar da rahoto cewa kusan yaro ɗaya cikin uku a duniya, har miliyan 800, yana da 5 ko fiye a jininsa, kuma mafi yawansu a ƙasashe masu tasowa suke, Kudancin Asiya a gaba. Bambancin kawai, can ana auna yara, shi ya sa ake jin labarinsu. Inda ba a awo shiru ake ji, kuma shirun ba lafiya ba ne. Ko ka manta Zamfara a 2010, da yara sama da 400 suka rasu saboda ana niƙa dutsen zinare mai dalma a tsakar gida? Wancan mai tsanani ne da ya kai ga farfaɗiya da mutuwa, shi ya sa duniya ta gani. Na birni a hankali yake ci.

Ɗalibin Kimiyya: Ƙari a kan na Anti. Kabwe a Zambiya, birni guda, an yi kusan shekara 90 ana haƙar dalma da narka ta, aka rufe a 1994. Har yau tulin dattin na nan kamar tsauni a gefen gari, yara na wasa a ƙurarsa. La Oroya a Peru, matatar ƙarafa tun 1922, sai a 2024 kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta nahiyar Amurka ta ɗora wa gwamnatin ƙasar laifi. A wata unguwa a gefen Dakar, Thiaroye, yara 18 suka mutu tsakanin 2007 da 2008, dalilin fasa tsofaffin baturan mota da tankaɗe ƙasar wurin don tsintar dalma.

Bakanike: Salamu alaikum. Tun ɗazu nake karantawa ban so in yi magana ba, amma da aka zo kan batir dole in sa baki, don sana'ata ce. Shekara 11 ina gyaran batir. Wanda ya mutu murus mukan fasa shi da gatari, a tsiyaye ruwan a ƙasa, a zare faranten nan masu toka-toka, a zuba a kasko a hura wuta har su narke, a kwashe dattin da ya taso sama, a zuba a mazubi. Hayaƙin yana da wani ɗanɗano a maƙogwaro kamar ka tsotsi tsabar kuɗi. In na tashi aiki rigata har nauyi take yi, gashin hannuna fari fat. Kuma gaskiya da kayan nake komawa gida. 'Yata mai shekara uku da ta ji motsin ƙofa take rugowa ta rungume ƙafata, ta cusa fuska a wandon. Yanzu da nake rubuta wannan jikina ya yi sanyi.

Malamar Jinya: Malam Bakanike, Allah ya saka da alheri da ka faɗi gaskiya, da yawa ba za su faɗa ba. Abin da ka kwatanta sananne ne, uba ya ɗauko gubar daga wurin aiki ya kai gida a riga da takalmi da gashi. Kuma jikin yaro ba kamar naka ba ne. In ku biyu kuka haɗiyi adadi ɗaya, hanjinta zai tsotse ninki huɗu zuwa biyar na abin da naka zai tsotsa. Jiki yana ɗaukar dalma kamar sinadarin kalsiyam ce, sai ya kai ta ƙashi da haƙori ya ajiye. A jini wata guda ya isa rabinta ta ragu, amma a ƙashi sai ta yi shekaru gommai. Shi ya sa yarinyar da ta sha ta tana ƙarama, in ta girma ta yi ciki, ƙashinta na sakin ta zuwa ga ɗan tayin. Ka kai ta a auna, kai ma a auna ka, har da mai ɗakinka.

Mai Sharhi: Ai irinku ne ke kashe mutane, sannan ku zo nan kuna neman tausayi.

Bakanike: Malam, ban zo neman tausayinka ba. Motar da kake hawa da me take tashi? Solar ɗin gidanka da me take ajiye wuta? In ya mutu ina kake kai shi, ba wurinmu ba?

Shugabar Zaure: @Mai Sharhi, gargaɗi na farko. Mutum ya buɗe cikinsa don a ƙaru, ba za a zage shi a nan ba.

Injiniya: Bakanike ya fi mai zaginsa gaskiya. Kusan kashi 85 cikin 100 na dalmar da duniya ke amfani da ita batir take tafiya. Motoci na ƙaruwa, sola na ƙaruwa, a Dhaka, babban birnin Bangladesh, kekunan haya masu batir sun cika gari. Dole wani ya narka tsofaffin. Tambayar ita ce a ina, kuma da wane kayan aiki. Kuma kada a ɗauka masu kasko kaɗai ne. A Mombasa ta ƙasar Kenya, unguwar Owino Uhuru, masana'anta ce mai lasisi aka kafa a tsakiyar gidajen mutane. Wata ma'aikaciyarta, Phyllis Omido, jaririnta ya kwanta, aka gano dalma ce, ta hanyar nononta ta shige shi. Ita ta tayar da ƙura har aka rufe wurin a 2014, kotu kuma ta yanke diyyar shilin biliyan 1.3 a 2020. Wani abin haushin, da Amurka ta tsaurara dokar dalma a iska ninki goma a 2008, sai tsofaffin baturanta suka ƙara kwarara zuwa Meziko a narka a can. Guba ba ta ɓace ba, ƙaura ta yi zuwa inda doka ta fi sako-sako.

Amaryar Bana: Ku yi haƙuri in katse ku. Ni tambayata tukwanen dalma da ake girki da su fa? Ashe guba muke ci?

Ɗalibin Kimiyya: Nan harshe ne ya haɗa mu faɗa. Abin da ake ce wa tukunyar dalma alminiyam ne, ƙarfe ne daban da dalmar da ke cikin batir. Matsalar tana ga waɗanda ake zubawa da tarkacen inji da lagireto da duk abin da aka tsinta, don dalma na iya shiga cikin narkin. An auna irinsu a ƙasashe da dama an samu, kuma abu mai tsami in ya daɗe a wuta ya fi jawo ta. Haka kwanukan tangaran masu ƙyalli da ba a gasa da kyau ba, wannan tsohuwar matsala ce a Meziko.

Wani wurin da ba a zato shi ne kayan ƙamshi. A Bangladesh an gano ana shafa wa kurkum wani fenti rawaya mai dalma don ya yi kyau a ido. A Jojiya, ta yankin Kokasus, binciken 2018 ya nuna kashi 41 cikin 100 na yara sun kai 5 ko sun wuce, aka bi sawu har kan kayan ƙamshi. Abin da ya burge ni, a Bangladesh da hukuma ta tashi tsaye a 2019, ta shiga kasuwanni da na'urar awo ta ci tarar 'yan kasuwa a bainar jama'a, cikin shekara biyu abin ya kusa ɓacewa.

Hajiya Malama: Kun tsaya kan dalma kawai. Sauran ƙarafan fa?

Ɗalibin Kimiyya: Suna nan, Hajiya. Zaiba ita ta yi ɓarnar Minamata a Japan, da aka gano a 1956: masana'anta na zuba ta a teku, ta taru a kifi, uwaye da ba su nuna alamar komai ba suka haifi yara da lalatacciyar ƙwaƙwalwa. Sunan garin aka sa wa yarjejeniyar duniya ta 2013 kan zaiba. Yau masu haƙar zinare da hannu su suka fi sakin ta, tana kuma cikin wasu mayukan bilicin. Kadmiyam ƙoda da ƙashi yake ci, yana cikin hayaƙin sigari da wasu batura. Arsenik kuma yana cikin ruwan rijiyoyin burtsatse na Bangladesh da Bengal ta Yamma a Indiya. Inda ake ƙona tsofaffin wayoyi da kwamfutoci, kamar Agbogbloshie a Akra kafin a rushe shi a 2021, duk a haɗe yaro ke shaƙarsu. Amma a yawan yaran da ta taɓa, dalma ba ta da na biyu.

Maman Biyu: Na gode ƙwarai. To ba wani magani da za a ba shi ya wanke jinin? Wata ta turo mini ta akwatin sirri wai akwai garin da take sayarwa mai fitar da guba cikin sati ɗaya.

Malamar Jinya: Kada ki saya, kada ki ba shi. Maganin gaskiya yana nan, yana kama ƙarfen ya fita ta fitsari, amma sai lamba ta kai wajen 45 likita ke ba da shi, don yana kwashe har ƙarafan da jiki ke buƙata. Kuma ga abin da mutane ba sa son ji: an gwada shi a kan ɗaruruwan yara masu tsakanin 20 da 44, lambar jininsu ta sauka, amma basirarsu ba ta fi ta waɗanda ba a ba ba. Yana ceton rai, ba ya maido abin da ya tafi. Naki aikin: a gano tushen a raba shi da shi, a duba ko yana da ƙarancin jini, don yaron da ba shi da isasshen sinadarin ayan ya fi tsotsar dalma, a riƙa wanke masa hannu kafin ci da kafin barci, a sake awo nan da wata ɗaya zuwa uku. Ki yi ta yi masa hira da karatu da wasa. A 9 yara da yawa suna tashi lafiya lau.

Injiniya: A ƙara da ruwa. Tsohon gini na iya samun bututun dalma. Ki bar famfo ya zuba na ɗan lokaci da safe kafin ki ɗiba, kada ki haɗa masa madara da ruwan zafi na famfo. Tafasawa ba ta cire dalma, ƙara mata kauri take yi tunda ruwan ne ke tafiya. Flint, wani gari a Amurka, ta ishe mu misali. A Afrilun 2014 aka sauya wa garin ruwa zuwa na kogi don a rage kashe kuɗi, ba a sa sinadarin da ke hana bututu zaizayewa ba. Mutane suna ɗaga kwalaben ruwa ja-ja a taro ana ce musu lafiya lau ne. Sai da wata likitar yara, Mona Hanna-Attisha, ta fito da alkaluman asibiti a Satumban 2015 cewa yaran da dalmarsu ta hau sun kusa ninkawa. Ita ma da farko cewa aka yi tana tayar da hankalin jama'a.

Shi ya sa, Anti Malamar Jinya, ina ɗan jin wani iri in aka ce uwa ta wanke hannu ta goge taga. Daidai ne, amma uwar Flint sau nawa za ta wanke hannu?

Malamar Jinya: Ban musa ba, Injiniya. Tsumma ba ya maye gurbin doka. Amma baiwar Allah nan yau da dare yaronta zai koma tagar nan, ba za ta jira majalisa ta zauna ba.

Kawu Dattijo: Na ji bayananku. Har yanzu ina ganin akwai ƙari a wasu wuraren, amma batun 'yar Bakanike ya tsaya mini a rai. Ɗana, ka nemi bokiti da sabulu ka ajiye a wurin aiki.

Bakanike: In sha Allahu, Kawu. Akwai famfo a bayan shagon, zan riƙa wanka a can in sauya kaya, takalmin ma in bar shi. Sai dai kayan aikin fa, @Malamar Jinya? Mai ɗakina ce ke wanke mini su, kuma a baho ɗaya take haɗawa da na yara.

Malamar Jinya: A daina daga yau. Ka wanke su da kanka a wurin aiki, bahon nan kuma kada a sake yi wa yarinya wanka a ciki.

Maman Biyu: Na kira mai gidan. Ya ce fenti ne kawai, zai turo yaro gobe ya kankare da sanfefa ya shafa sabo.

Injiniya: Kada ki bari ya taɓa tagar nan da sanfefa kuna cikin gidan. Ki ce masa sai an auna tukuna, kuma ki tura masa a rubuce.